Rayuwar ɗalibai a Jami'ar Oxford: Al'adu, ƙungiyoyi da hanyar kaiwa ga mulki

Jami'ar Oxford da ke Ingila ita ce mafi daɗewa a ƙasashen da ke magana da Ingilishi. Galibin mutane sun san ta ne da zurfin karatu da bincike. Sai dai tana da wani ɓangare da ba a rubuta shi a takardar shaidar digiri, wato rayuwar da ɗalibai ke yi tsakanin aji da makwanci: zauren cin abinci, dandalin muhawara, kogin tseren kwale-kwale da ƙungiyoyin da ba kowa ake gayyata ba.

A wannan ɓangaren ne ake ƙulla abotar da ke bin mutum har ofis da majalisa. Daga 1945 zuwa 2024, Birtaniya ta yi firaministoci 18, kuma 14 daga cikinsu sun yi karatu a Oxford. Huɗun da suka rage su ne Winston Churchill da James Callaghan da John Major, waɗanda ba su yi jami'a ba, sai Gordon Brown da ya yi tasa a Edinburgh. Wannan ne ya sa al'adun ɗaliban Oxford suka wuce wasan samari. Tambayar wa ake bari ya shiga, da kuma wa yake sakewa bayan ya shiga, ta shafi wanda zai riƙe ragamar ƙasa gobe.

Kwaleji ita ce gida

Tarihi ya nuna cewa ana koyarwa a garin Oxford tun wajen shekarar 1096. Wurin ya bunƙasa daga 1167, lokacin da Sarki Henry na II ya hana ɗaliban Ingila zuwa karatu Paris. A 1209 rikici ya ɓarke tsakanin malamai da mutanen gari, wasu malaman suka yi ƙaura zuwa Cambridge, suka kafa jami'ar da har yau ita ce babbar kishiyar Oxford.

Oxford ba ta da harabar da aka kewaye da katanga guda. Kwalejoji ne sama da 30 a warwatse cikin gari, kowace da ƙofarta, da tsakar gidanta, da ɗakin karatunta, da zauren cin abincinta, da dukiyarta. Mafi daɗewa a cikinsu su ne University College da Balliol da Merton, waɗanda aka kafa tsakanin 1249 da 1264. Jami'a ce ke shirya jarrabawa ta ba da digiri, amma kwaleji ce ke ɗaukar ɗalibi, ta ba shi ɗaki, ta ciyar da shi, ta kuma sa ido a kan tarbiyyarsa. Saboda haka idan tsofaffin ɗalibai biyu suka haɗu, tambayar farko ita ce, "A wace kwaleji ka zauna?"

A bakin kowace kwaleji akwai ɗakin masu tsaron ƙofa, inda ake ajiye wasiƙu da makullai, kuma ta nan baƙo zai bi kafin ya shiga. A yawancin kwalejojin, ciyawar da ke tsakar gida ba ta takuwa ga ɗalibi, manyan malamai kaɗai ke da wannan dama. Kowane rukuni yana da falonsa: ɗaya na masu digirin farko, ɗaya na masu digiri na gaba, ɗaya na malamai. Sabon ɗalibi kuma akan haɗa shi da wasu 'yan aji biyu da ake kira iyayensa na kwaleji, su nuna masa hanya, su amsa tambayoyin da yake jin nauyin yi wa malami.

A kwalejin Christ Church, wata babbar ƙararrawa da ake kira Great Tom tana bugawa sau 101 kowane dare da ƙarfe 9:05. Adadin na ɗaliban kwalejin ne na farko, su 100, da ƙarin ɗaya da aka yi a 1663. Mintuna biyar ɗin kuwa saboda Oxford tana yamma da Greenwich ne, don haka tara na dare a lissafin garin na dā ta kan zo a makare. A wancan zamani bugun na nufin kowa ya koma ɗaki za a rufe ƙofa. Dokar ta daɗe da tafiya, ƙararrawar ce ba ta daina ba.

Zango mai mako takwas

Shekarar karatu ta kasu zango uku, Michaelmas da Hilary da Trinity, kowanne mako takwas kacal. Gajartar zangon ita ke sa komai ya cushe wuri guda. Ginshiƙin koyarwar shi ne zaman da ɗalibi ɗaya ko biyu ko uku suke yi da malami kusan kowane mako. Akan ba ɗalibi jerin littattafai da tambaya guda, ya rubuta maƙala cikin 'yan kwanaki, sannan ya zo ya kare abin da ya rubuta gaba da gaba. Babu kujerar baya da mutum zai laɓe.

Masu yabon tsarin suna cewa yana koya wa matashi tunani da tsayawa kan hujja. Masu suka kuwa suna cewa yana kuma koya masa yin magana da gadara a kan abin da bai wuce kwana uku da saninsa ba. An fi jifan kwas ɗin nan da ya haɗa falsafa da siyasa da tattalin arziki, wanda aka fara a 1920, da wannan zargi. Shi ne kwas ɗin da Harold Wilson da Edward Heath da David Cameron da Liz Truss da Rishi Sunak suka karanta, haka ma Benazir Bhutto da Imran Khan da Malala Yousafzai na Pakistan.

Saboda nauyin aikin, jami'a ba ta son mai digirin farko ya kama aikin albashi a lokacin zango. Ɗan mai hali ba ya jin wannan a jikinsa, amma ɗan talaka yana ji. Ɗalibai ma suna da suna na musamman da suke kiran kasala da ƙuncin da kan sauko musu a mako na biyar, lokacin da ɗokin farkon zango ya ƙare, hutu kuma bai ƙaraso ba.

Alkyabba da furen jarrabawa

Ranar farko da ɗalibi zai san ya shigo wata duniya ita ce ranar rantsar da sababbin ɗalibai. Akan jera su daga kwalejojinsu zuwa zauren Sheldonian, wanda Christopher Wren ya tsara aka kammala a 1669, inda ake karɓar su da 'yan kalmomi cikin harshen Latin. Kowa na sanye da kayan da ake kira sub fusc: baƙar kwat ko siket, farar riga, ɗaurin wuya, baƙar alkyabba da hula mai kusurwa huɗu.

Da waɗannan kayan ake shiga ɗakin jarrabawa. Al'ada ce kuma a maƙala fure a ƙirji, fari a takardar farko, ruwan hoda a na tsakiya, ja a ta ƙarshe. Duk wanda aka gani da jan fure a titi, an san ranar ce zai huta. A bakin ƙofa abokai kan jira shi da kumfa da ƙyalƙyali su watsa masa, ɗabi'ar da hukumar jami'a ta haramta har tana cin tara a kanta saboda ƙazantar da tituna.

An sha kiraye-kirayen a soke kayan jarrabawar, a kan cewa suna ƙara wa baƙo jin cewa shi bare ne. Amma da aka kai batun ƙuri'ar ɗalibai a 2015, kusan kashi uku cikin huɗu sun zaɓi a ci gaba da sa su. Hujjar da yawa daga cikinsu ita ce, a cikin baƙar alkyabba ba a gane ɗan attajiri da ɗan direba.

Zauren cin abinci

Zuciyar kwaleji ita ce zaurenta. Dogayen tebura ne na katako da benci, bango cike da hotunan tsofaffin shugabanni da masu ba da gudummawa. A ƙarshen zauren akwai wani tebur a kan dakali, wanda malamai da baƙinsu kaɗai ke zama a kansa. A wasu darare na mako akan yi liyafa ta musamman: ɗalibai su sa alkyabba, su miƙe tsaye idan malamai sun shigo, a buga guduma, a yi addu'a da Latin, sannan a kawo abinci kashi uku ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda ya fito daga tsofaffin makarantun kwana na masu kuɗi irin su Eton da Winchester da Harrow, wannan ci gaba ne kawai da abin da ya saba tun yana ɗan shekara 13. Ga wanda shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a kuwa, jerin cokula da wuƙaƙe da kofunan da ke gabansa wata jarrabawa ce da ba a faɗa masa za a yi ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Duk da haka, a kan waɗannan teburan ne mai karanta likitanci ke zama kusa da mai karanta shari'a, ɗalibi ke gayyato abokinsa daga wata kwaleji, a kuma saba da hira da manya ba tare da rawar murya ba. Wannan sabon, wanda babu malamin da ke ba da maki a kansa, yana cikin manyan abubuwan da ɗalibi ke fita da su.

Majalisar gwaji

Babu ƙungiyar da ta kai Oxford Union suna. An kafa ta a 1823 domin muhawara, a lokacin da hukumar jami'a ba ta son ɗalibai su tattauna siyasa da addini a fili. Ba ita ce ƙungiyar ɗalibai ta jami'a ba. Kulob ne mai zaman kansa, mai gininsa da ɗakin karatunsa, kuma kuɗin zama mambansa na dindindin ya kai ɗaruruwan fam.

Tsarin muhawarar kwaikwayo ne na Majalisar Dokokin Birtaniya. Ɓangarori biyu suna fuskantar juna, shugaba na zaune a kujera mai tsayi, jami'an ƙungiya na sanye da kayan alfarma. Idan an gama, masu sauraro kan kaɗa ƙuri'a da ƙafa: masu goyon baya su fita ta ƙofa ɗaya, masu adawa ta ɗayar. A ranar 9 ga Fabrairun 1933, zauren ya amince da ƙuri'a 275 a kan 153 cewa ba zai yi yaƙi domin sarki da ƙasa ba. Labarin ya karaɗe jaridun Turai, Churchill kuma ya yi tir da shi. A Disamban 1964 Malcolm X ya yi jawabi a wurin, 'yan watanni kafin a kashe shi.

Ana zaɓen shugaba kowane zango, don haka kamfe ba ya ƙarewa. A nan matasa ke koyon haɗa tawaga, neman ƙuri'a, ƙulla yarjejeniya da warware ta. William Gladstone da Herbert Asquith da Edward Heath duk sun shugabanci ƙungiyar kafin su shugabanci ƙasa, haka Boris Johnson a 1986. Benazir Bhutto ta riƙe kujerar a 1977. Mata ba su samu cikakken zama mambobi ba sai a 1963. A littafinsa mai suna Chums na 2022, ɗan jarida Simon Kuper ya kafa hujjar cewa wani ɗan ƙaramin rukuni na abokai da abokan hamayya da suka goge a wannan zaure a shekarun 1980 su ne suka ja ragamar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai.

Ƙungiyar ta sha shiga abin kunya. A 2019 an fitar da wani ɗalibi makaho ɗan Ghana daga zauren da ƙarfin tsiya, lamarin da ya jawo fushi har shugabanta ya yi murabus.

Kulob ɗin da ba a nema

Ana shiga Oxford Union da kuɗi, amma akwai ƙungiyoyin da sai an gayyaci mutum. Wadda ta fi ƙaurin suna ita ce Bullingdon, kulob ɗin maza zalla da aka kafa wajen 1780 domin farauta da wasan kurket, daga baya ya koma na ci da sha. Mambobinsa ba su da yawa, kusan dukkansu 'ya'yan masu hannu da shuni ne, kuma kayan da suke ɗinkawa, shuɗiyar kwat mai jela da maɓallan tagulla, sun kai dubban fam. An san su da kama gidan abinci da sunan boge, su bugu, su farfasa kaya, sannan su biya diyya nan take. A 1894 sun fasa ɗaruruwan gilasan tagogi a Christ Church cikin dare ɗaya.

Wani hoto da aka ɗauka a 1987, wanda ya nuna David Cameron da Boris Johnson cikin kayan kulob ɗin, ya zame musu ƙaya a siyasa, domin abokan hamayya sun riƙa nuna shi a matsayin shaidar cewa masu mulki ba su san halin talaka ba. George Osborne, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗi a gwamnatin Cameron, shi ma tsohon mamba ne. A yau martabar kulob ɗin ta zube. A 2018 reshen ɗalibai na jam'iyyar Conservative ya hana mambobinsa riƙe muƙami a cikinsa. Mafi yawan ɗaliban Oxford kan gama karatu ba su taɓa haɗuwa da ɗan Bullingdon ba, amma sunan ya manne wa jami'ar.

Kogi, shuɗi da mulkin mallaka

Wasan da ya fi kowanne daraja shi ne tseren kwale-kwale. Kowace kwaleji tana da tawaga, kuma tun da asuba, cikin sanyin hunturu, akan ga matuƙa takwas-takwas suna atisaye a kogi. Saboda kogin ba shi da faɗi, gasar kwalejoji ba a jere ake yin ta ba. Jiragen kan tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne na ƙoƙarin cim ma na gabansa ya taɓa shi.

Gasar da duniya ta sani ita ce ta Oxford da Cambridge, wadda aka fara a 1829, ta zama ta shekara-shekara daga 1856. Ana yin ta a Kogin Thames a Landan, daga Putney zuwa Mortlake, tazarar kusan kilomita 6.8. Ta mata ta fara a 1927, amma sai a 2015 aka mayar da ita wannan fage a rana ɗaya da ta maza. Launin Oxford shuɗi ne mai duhu, na Cambridge mai haske, kuma wanda ya wakilci jami'arsa a manyan wasanni akan ba shi lambar da ake kira shuɗi. A filin jami'ar da ke Iffley Road ne kuma Roger Bannister ya zama mutum na farko da ya yi gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu, ranar 6 ga Mayun 1954.

Wannan lamba ta taɓa shafar Afirka kai-tsaye. A rabin farko na ƙarni na 20, jami'in da ke ɗaukar ma'aikatan mulkin mallaka a Landan, Ralph Furse, ya fi dogara da ganawa da shaidar malamai a kan jarrabawa, kuma ya fi son samarin Oxford da Cambridge da suka yi fice a wasanni da jagorancin 'yan uwansu. Yawansu a Sudan ya sa har ake yi mata ba'a da ƙasar baƙaƙen da shuɗɗa ke mulki. Da yawa daga cikin Di'o-Di'o da Razdan-Razdan da suka yi aiki a Arewacin Najeriya ta wannan hanya suka fito, bayan kwas na musamman da aka riƙa yi musu a jami'o'in biyu daga 1926. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi karatu a Cambridge, ya yi aiki a Adamawa, ya koyar a Zariya, ya kuma tattara karin maganar Hausa, a kwalejin St Antony's ta Oxford ya ƙarasa rayuwarsa ta aiki.

Bukukuwa da dandali

Kowace ranar 1 ga Mayu da ƙarfe shida na safe, mawaƙan kwalejin Magdalen kan rera waƙa daga saman hasumiya, dubban mutane na sauraro a kan gada, al'adar da ta haura shekara 500. A ƙarshen shekara kwalejoji kan shirya manyan bukukuwan dare da ake kwana ana yi, tikitin wasu ya haura fam 200, ban da kuɗin kaya.

Ba duk al'adun ne tsofaffi ba. A kwalejin Merton, daren da ake mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba, ɗalibai kan zagaya tsakar gida da baya da baya cikin alkyabba, wai don kada lokaci ya rikice. An ƙirƙiro wannan ne a 1971 domin raha, yau kuma ana yin sa kamar an gada daga kakanni.

Akwai kuma ɗaruruwan ƙungiyoyi na wasan kwaikwayo, waƙa, addini, ƙasashe da aikin jarida. Mujallar Isis ta fara fita a 1892, jaridar Cherwell a 1920, kuma manyan 'yan jaridar Birtaniya da dama a cikinsu suka fara rubutu. Rowan Atkinson, wanda aka sani da Mista Bean, injiniyancin lantarki ya je karantawa a kwalejin Queen's, a dandalin ɗalibai ya gano baiwarsa ta barkwanci.

'Yan gari da 'yan alkyabba

Zaman jami'a da garin da take ciki ya daɗe yana da tsami. Ranar 10 ga Fabrairun 1355, gardama a kan ingancin giya a wata mashaya ta rikiɗe ta zama faɗan kwana uku, aka kashe ɗalibai kusan 63 da mutanen gari kusan 30. Sarki ya goyi bayan jami'a. Aka wajabta wa magajin gari da muƙarrabansa halartar addu'a kowace shekara tare da biyan kwabo ɗaya a kan kowane ɗalibin da aka kashe, kuma ba a daina ba sai a 1825. Jami'ar ta riƙe 'yan sandanta na kanta har zuwa 2003. A yau taƙaddamar ta koma kan tsadar haya, domin Oxford na cikin garuruwan da gida ya fi tsada a Ingila idan aka gwada da albashi, kwalejoji kuma su ne manyan masu filaye.

Waɗanda aka daɗe ana rufe wa ƙofa

Tsawon ƙarnuka, Oxford ta maza ce mabiya Cocin Ingila. Sai a 1854 aka sassauta sharaɗin aƙida ga masu digirin farko, dokar 1871 kuma ta buɗe mafi yawan muƙamai ga mabiya sauran addinai. Kwalejojin mata na farko, Lady Margaret Hall da Somerville, sun buɗe a 1879, amma ba a fara ba mata digiri ba sai a 1920. Cambridge ta jinkirta har 1948. A 1974 ne kwalejoji biyar na maza suka fara ɗaukar mata, a 2008 kuma ta ƙarshe ta mata zalla, St Hilda's, ta fara ɗaukar maza.

Baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya yi karatu a Oxford shi ne Christian Cole na Saliyo, wanda ya shiga a 1873. Kofoworola Moore ta Legas, wadda aka fi sani da Lady Ademola, ita ce baƙar mace 'yar Afirka ta farko da ta samu digirin jami'ar, a 1935. Kofi Busia, wanda ya zama firaministan Ghana a 1969, da Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu, wanda ya karanta tarihi a kwalejin Lincoln, suna cikin waɗanda suka biyo baya.

Babban gibin da ya rage shi ne na aji. Makarantun kuɗi suna ɗaukar kusan kashi 7 cikin 100 ne na yaran Birtaniya, amma shekaru da dama suna samun sama da kashi 40 na guraben 'yan ƙasa a Oxford. A 2017 ɗan majalisa David Lammy ya fitar da alƙaluman da suka nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kwalejojin ba su ɗauki baƙar fata ɗan Birtaniya ko ɗaya daga sakandare ba a 2015. Matsin lambar ya sa jami'ar ta buɗe shirye-shiryen share fage ga 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma a farkon shekarun 2020 kason 'yan makarantun gwamnati ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa kuwa, kuɗin karatunsa kaɗai ya haura fam 30,000 a shekara, abin da ya sa mafi yawan 'yan Afirka ke shiga ta hanyar tallafin karatu.

Ga ɗalibi Musulmi, da duk wanda ba ya shan giya, ƙalubalen na daban ne. Yawancin harkokin sada zumunta, daga makon tarbar sababbin ɗalibai zuwa walimar 'yan wasa, a kan kwalba aka gina su. Wanda ya ƙaurace musu yana iya rasa wuraren da ake sabawa. Sai dai abubuwa suna sauyawa: kwalejoji da dama suna tanadar abincin halal da tarukan da babu barasa, ƙungiyar ɗalibai Musulmi kuma tana shirya buɗa-baki a watan azumi. Cibiyar Nazarin Musulunci ta Oxford, wadda aka kafa a 1985, ta buɗe sabon gininta mai masallaci da hasumiya a 2017.

Mutum-mutumi da zakaran tagulla

Tallafin karatu mafi shahara a jami'ar shi ne wanda Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakan da ya tara dukiya daga ma'adinan kudancin Afirka, ya bari a wasiyyarsa ta 1902. Bill Clinton na cikin waɗanda suka ci gajiyarsa. Ba a ba mata ba sai a 1977, a 2017 kuma aka buɗe gurbi na musamman ga Afirka ta Yamma.

A 2015 zanga-zangar da ta kawar da mutum-mutumin Rhodes a Jami'ar Cape Town ta iso Oxford, ɗalibai suka nemi a sauke wanda ke jikin ginin kwalejin Oriel. Kwalejin ta ƙi a 2016. A 2020 hukumarta ta ce tana son a sauke shi, a 2021 kuma ta fasa, tana mai kafa hujja da tsada da dokokin kare tsofaffin gine-gine. A Cambridge kuwa ƙoƙarin ɗalibai ya yi nasara. Wani zakaran tagulla da sojojin Birtaniya suka kwaso daga Benin a 1897 ya shafe shekaru a zauren cin abincin kwalejin Jesus. Ɗalibai suka matsa aka cire shi a 2016, a Oktoban 2021 kuma aka miƙa shi ga wakilan Najeriya.

Halin da ake ciki

Oxford ta yau tana da ɗalibai sama da 25,000, kusan rabinsu masu digiri na biyu da na uku ne, kuma da yawa daga cikin waɗannan daga wajen Birtaniya suka zo. Ana ci gaba da sa alkyabba, ana addu'a da Latin, Great Tom na bugawa sau 101, amma fuskokin da ke zaune a teburan sun sauya fiye da kowane lokaci a tarihin jami'ar.

Muhawarar da ake yi yanzu ta wuce ta adadin waɗanda aka ɗauka. Ƙungiyoyin ɗalibai suna tambayar nawa ne ke iya sayen tikitin biki, nawa ne ke iya zama a gari lokacin hutu idan kwaleji ta karɓe ɗakuna, nawa ne kuma ke da kawu ko abokin uba da zai samar musu gurbin koyon aiki a banki ko majalisa. Kwalejojin su kansu ba ɗaya suke ba, domin masu tsohuwar dukiya irin su St John's da Christ Church suna iya sauƙaƙa wa ɗalibansu haya da abinci fiye da ƙananan. Amsar waɗannan tambayoyi ce za ta nuna ko hanyar da ta bi ta zauren cin abinci da dandalin muhawara zuwa kujerun mulki za ta buɗe ga kowa, ko za ta ci gaba da zama ta 'yan gida.